Akwatin Maestra Nives

Ran Alhamis da ƙarfe biyu na rana ake sakinmu. Duk wata mai kula da tsofaffi a garin Biella ta san wannan, daga biyu zuwa bakwai naki ne, sai kuma Lahadi. Wasu su tafi lambun gari su baje a benci suna kiran gida, wasu su je ɗakin ƙawa su yi ramuwar barci. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya na yi ina kai nawa awoyin ɗakin da ke ƙarƙashin coci, inda Maestra Nives ke koyar da Italiyanci. Na daɗe da iya yaren, har faɗa nake yi da shi a kasuwa. Abin da ya sa ban daina zuwa ba, nan kaɗai ne zan zauna a kujera ba wanda zai kira ni in zo in ɗaga shi.

Sunana Editha, daga Batangas na fito, can ƙetaren teku, kuma bana shekarata goma sha tara ina sa wa iyayen mutane kaya ina cire musu. Tsofaffi shida ne suka wuce ta hannuna. Ranar da aka binne uwata, maƙwabciya ce ta sa mata riga, ni ina nan ina ɓalla wa wata Signora, wato uwargida, maɓalli tana zagina wai hannuna da sanyi. Ba don a ji tausayina na faɗi wannan ba. Na faɗa ne don a san idona ya saba da hannun tsoho, in ya fara gazawa nakan gane tun kafin mai shi ya yarda.

Nives ba malama ba ce tun asali. Shekara talatin da shida ta yi a masaƙar ulu tana gyaran yadi. In an sauke yadi daga na'ura sai a shimfiɗa mata a teburi kusa da taga, ta bi shi da tafin hannu har ta ji inda zare ya tsallake, ta ɗauki allura ta mai da shi gurbinsa yadda ko mai masaƙar ba zai gane wurin ba. Da aka rufe masaƙar, fadan cocin ya roƙe ta ta riƙe ajin baƙi na wata ɗaya kafin a samo malamin gaske. Har yau ba a samo shi ba. Gajeriya ce, siririya, gashinta fari tas a ɗaure tam, ga tabarau a rataye da sarƙa. Ba ta yabo. In ta ce miki "da dama," to ranar kin ci gari.

Akwai littafin da aka ba ta ta koyar da shi. Ƙarƙashin ƙafar teburi ta cusa shi don teburin yana rawa.

"Yana koya muku yadda za ku nemi ɗaki a otel," in ji ta. "Wace ce a cikinku za ta kwana a otel? Ɗaga hannu in gani. To. Gobe da safe tsohon wani za ku tarar a bakin gado da singileti, yana jiran ku. Abin da za ku ce masa shi za mu koya."

Maimakon littafi, akwati take kawowa, wani tsohon akwati ruwan ƙasa mai ɗauri da bel. Cike yake da tsofaffin kayan mijinta Duilio, su singiletin ulu, shat, falmaran, kwat, safa, malafa da laktaye uku. Takan ciro kwat ta miƙa wa ta farko, sai ta sa tana faɗa da ƙarfi, "mi metto," wato ina sawa. Ta cire ta ɗora wa ta kusa da ita, "ti metti," kina sawa. Ta uku ta nuna ta da yatsa, "si mette," tana sawa. Haka kwat ɗin zai zagaye ɗaki har a kai ga mu da ku da su, sannan a juyo da baya da kalmar cirewa, "mi tolgo," har ya dawo akwati. Mako mai zuwa shat ne da kalmar ɓalla maɓalli. Ba a taɓa barin mutum ya faɗi kalma hannunsa a zube ba.

Halyna, wata ƙatuwa 'yar Ukraine da muke zama tare, kullum sai ta yi ƙorafi.

"Maestra, kwat ɗin nan fa ba ya shigata. Mijinki ba ya cin abinci ne?"

"Yana ci. Ke ce kike cin naki da na tsohuwar da kike kula da ita. Sa hannu ɗaya ki faɗi kalmar, kada ki yaga mini hammata."

"Kalmar sawa har guda nawa ce ne wai? Jiya wata, yau wata. Mu a wurinmu ɗaya ce, kuma ba wanda ke yawo tsirara."

"Shi ya sa kuke fita kamar an watsa muku kaya daga bene. Sake faɗa."

Ba kalmomi kaɗai ta koya mana ba. Ta koya mana cewa hannun da ke ciwo shi ke fara shiga riga, shi ke fita a ƙarshe. Maɓalli daga ƙasa ake farawa don kada a ƙare da saura ɗaya a wuya. Singiletin ulu kuwa ba a raba tsohon garin nan da shi ko a tsakiyar zafin Agusta, don a ganinsa iskar da ta shigo ta taga ita ce ajalinsa, kuma da sanyi sai an ɗora shi a kan ƙarfen ɗumama ɗaki kafin ya taɓa fata. Babbar dokarta ita ce kada ki taɓa jikin mutum sai kin faɗa masa abin da za ki yi. "Yanzu za mu sa shat. Yanzu za mu ɗaga hannu." Ta ce amfanin duk wannan jujjuya kalmomi ke nan, don tsoho ya ji da shi ake yi, ba buhu ake cusa wa auduga ba.

Labarin Duilio a bakinta muka ji shi, gutsure-gutsure, duk ranar da aka zo kan laktaye. Makanikin na'urorin saƙa ne a masaƙar da take aiki. Saura wata biyu aurensu na'ura ta cire masa yatsu biyu na hannun dama. Ranar ɗaurin auren ya tsaya gaban madubi ya yi ta kokawa da laktaye har ya yi gumi, ya ƙi bari ɗan'uwansa ya taɓa, ya fita da shi a aljihu. A ƙofar coci, gaban jama'a, amarya ta ajiye furanninta ta ɗaura masa. Abin da ya fara ce mata a ranar shi ne, "Nives, kin shaƙe ni." Tun daga nan ita ke ɗaurawa. Da yana aiki, ran Lahadi kaɗai. Da ya yi ritaya sai ya zama kullum, don ya ce ya gaji da zama cikin kayan baƙin mai, ko kati zai je bugawa a shagon kofi sai da kwat da laktaye. Kuma kullum, shekara hamsin da ɗoriya, maganar ɗaya ce.

"Ni kuwa ban taɓa shaƙe shi ba," in ji ta. "Yatsa biyu ke shiga tsakanin wuya da ƙullin. Tsabar neman magana ce."

Ciwon mantuwa ya kama shi a shekarar da na fara zuwa ajin. Da farko hanya yake ɓata, daga baya ya manta kati, ya manta sunan ɗansu Fabrizio, ya manta cokali. Wata ƙanwarta ce ke zama da shi ran Alhamis har ta dawo. Wata rana ina taya ta tattara kaya bayan an tashi, ta ce mini ba tare da ta ɗago kai ba:

"Yanzu wuni yake yi bai san ni ba. Kallona yake yi kamar mai jiran bas. Amma da safe in na ja ƙullin nan sama, sai ya dube ni ya ce, Nives, kin shaƙe ni. Sau ɗaya ne a rana. Ya ishe ni."

Wannan kalma guda ita ce ta riƙe ta, kuma na san haka tun daga ranar.

Ni na fara lura da hannunta. Ta daina rubutu a allo, sai ta ce wai tana son ganin rubutunmu. Bel ɗin akwati kuwa sai ta tsaya ta kalli wata, "Ke, zo ki motsa jini." Rannan ta tashi nuna wa sababbin zuwa yadda ake ɓalla hannun shat a jikin Halyna. Maɓalli ɗaya ta yi ta fama da shi, yana zillewa tana kamowa, gaɓoɓin yatsunta sun kumbura sun karkace. Halyna, duk bakinta, sai ta ɗauke kai ta kalli bango. Ƙarshe Nives ta sake shi ta ce ramin ne ya tsuke, a wuce darasi na gaba.

Na raka ta gida da akwatin. A hanya na ce:

"Maestra, da safe minti nawa kike ɗauka kina shirya shi?"

"Ina ruwanki?"

"Tambaya ce."

Ta yi tafiya mai ɗan nisa kafin ta ce, "Awa ɗaya da rabi. Da minti goma ne."

"To ki ɗauki wata mana. Mu goma sha huɗu ne a ajinki, duk ke kika koya mana."

"Na ɗauka. Biyu. Ta farko ya mare ta don ta zo masa ta baya ba magana. Ta biyu ni na kore ta, na shigo na tarar ta sa masa falmaran a kan singileti wai don a yi sauri. Ku ɗin ma da na koya wa, rabinku in na juya baya daga sama kuke fara maɓalli."

Haka take. Ta yi shekara da shekaru tana horar da mata su shiga gidajen mutane, amma nata gidan ba wadda ta isa. Raina ya ɓaci, na kai mata akwatin hawa na uku na juyo.

A watan Fabrairu suka faɗi. Tana sa masa wando, ya jingina da ita, ƙafarta ta goce, suka zube tare tsakanin gado da kabad. Ba wanda ya karye, amma ta kasa ɗaga shi, ta kasa ɗaga kanta. Awa biyu suna kwance a kan tayil mai sanyi kafin maƙwabciya ta ji bugu. Fabrizio ya zo daga Torino a ranar. Alhamis ɗin da ta biyo baya na hau da akwati na same su ana yi.

"Mamma, an gama magana. An ba shi gado a gidan tsofaffi, Litinin ta sama za a kai shi."

"Wa ya gama? Ni na gama?"

"To me kike so in jira? In zo in tarar da ku biyu a ƙasa kun sandare?"

"A can kayan 'yan gudu za su sa masa. Na je na gani da idona. Dattawa jere a kujera da wando mai roba kamar yaran makaranta. Ubanka bai taɓa sa wando mai roba ba."

"Baba bai san abin da ke jikinsa ba, Mamma."

"Ya sani. Kai ne ba ka sani ba, don ba ka nan da safe."

Fabrizio ba mugu ba ne. Mutum ne mai furfura, ya gaji, ga aiki ga iyali ga hanyar awa ɗaya da rabi. Ya dube ni ina tsaye da akwati ya ce, "Signora, don Allah ki gaya mata. Ke aikinki ne." Na so in goyi bayanta, amma na tuna tsofaffina shida da yadda kowannensu ya ƙare. Na ce mata gaskiya ɗanta ya faɗa. Ta kalle ni kallon da ban manta ba, ta ce in ajiye akwatin a bayan ƙofa, ta gode.

Gidan tsofaffin ya aiko da takarda. A kawo kayan motsa jiki biyar masu roba, rigunan auduga marasa maɓalli, takalmi maras igiya, kuma a ɗinka lamba arba'in da bakwai a jikin kowane kaya. Nives ta zo aji da takardar da jaka biyu. Da muka buɗe, ba wando mai roba ko ɗaya. Kwat ɗinsa uku ne masu kyau, na yadin da ita da kanta ta duba a masaƙa, da falmaran, da wandunan ulu masu kari, da singileti takwas. Ta zube 'yan ƙyallayen lamba a teburi ta ce darasin yau ɗinki ne, hannunta ba zai iya ba. Karo na farko ke nan da ta faɗi haka da bakinta.

Muka zauna mu goma sha huɗu muna ɗinka arba'in da bakwai, ita tana zagayawa tana sa mu faɗin sunan abin da ke hannunmu da kalmar sa shi. In ɗinkin wata ya fito ta waje sai ta sa a farke. Na kira ta gefe na ce:

"Maestra, kin karanta takardar kuwa? A irin gidajen nan komai da ruwan zafi ake wankewa. Na yi aiki a ɗaya, na sani."

"Na rubuta musu wasiƙa na maƙala a jaka. Kuma ke, Biella ce nan. A garin nan ko ɗan yaye ya san ba a sa ulu a ruwan zafi."

Abin da ba ta sani ba, ni ma ban sani ba a lokacin, ba a garin ake wankin ba. Mota ke zuwa ta kwashe buhunan zuwa wani gari mai nisa, inda ba mai karanta wasiƙar kowa.

Kwana goma ya yi yana sa kayansa. Ma'aikatan sun yi haƙuri da ita, tana zuwa da bas ɗin farko ta tsaya a kansu har a gama, ta lallaɓa ta ɗaura laktayen da kanta ko zai ɗauke ta minti ashirin. Sannan wankin farko ya dawo. Ran Alhamis ta zo mana aji da ɗaya daga cikin kwat ɗinsa, ta ciro shi daga akwati ta ɗaga. Ya dunƙule ya yi kauri kamar bargon doki, ya koma na ɗan shekara takwas, lambar nan arba'in da bakwai ce kaɗai ba ta canja ba. Halyna ta toshe baki, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Nives ta shafa yadin da tafin hannu, yadda take yi a masaƙa, daga kafaɗa har ƙasa.

"Wannan ba ya gyaruwa," in ji ta. "Laifina ne, an gaya mini. To, tunda ga shi, mu koyi yadda ake cewa ya yi masa kaɗan."

Muka koya. Ba a taɓa yin darasin da ya kai wannan nauyi ba.

Fabrizio ya sayo kayan roba guda biyar, ruwan toka. A makon ne kuma shugabar ma'aikatan ta kira Nives ofis ta ce ba za a ƙara barin laktaye a wuyan Duilio ba, don an same shi yana jan bakin laktayen da ƙarfi, kuma ba su da mai tsaya masa. Ta faɗa da ladabi, kuma tana da gaskiya. Abin haushin ke nan a duk labarin, kowa yana da gaskiya.

Daga nan ya daina kiran sunanta. Tana zuwa kullum, bas biyu zuwa bas biyu dawowa, ta zauna gabansa ta ba shi miya, ta goge masa baki, ta gaya masa wanda ya mutu a unguwa. Shi kuwa yana kallon taga. Wata biyu aka yi a haka. A aji ta zama wata iri. Ta daina faɗa, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Wata sabuwar zuwa ta kwaɓa kalmar cirewa sau uku a jere, Nives ta ce "da dama" tana kallon agogo. Kwat ɗin ya tsaya a hannun ta huɗu ba wanda ya ce a miƙa gaba. Ni kaina a lokacin tsohuwar da nake kula da ita ta daina tafiya, bayana kamar zai tsinke, nakan zauna a kujerar baya in ji idona yana rufewa.

Wata Alhamis a watan Mayu na je na tarar da ƙofar ajin a rufe, an manna takarda cewa babu darasi. Na san inda take. Na hau bas na bi ta. Na same su a lambun gidan tsofaffin, ƙarƙashin wata bishiya, shi a keken guragu cikin kayan toka, ita a benci da jakarta a cinya. Ta ciro laktayen nan ja mai ɗigo-ɗigo ta rataya masa a wuya a kan rigar robar, tana ƙoƙarin ƙullawa. Yatsun sun ƙi. Ta naɗa, ya warware. Ta kama da haƙori, ya suɓuce.

"Na roƙe su," ta ce da ta gan ni, ba ko gaisuwa. "Sun ce in ina zaune zan iya sa masa, in zan tafi in cire. Kwana huɗu ke nan ina gwadawa. A wata biyun nan hannun ya ƙarasa."

"Kawo in ɗaura."

Ta zare laktayen daga wuyansa. Shekara hamsin da ɗoriya ba wata mace da ta taɓa wuyan mutumin nan da laktaye sai ita. Ta miƙo mini.

Na tsaya gabansa na yi yadda ta koya mana. Na ce, "Signor Duilio, yanzu za mu sa laktaye." Na ɗora faffaɗan a kan siririn, na zagayo, na cusa, na ja ƙullin sama a hankali har ya zauna. Sai ya ɗago kai. Idon nan da ya yi wata biyu a taga ya sauka a fuskata, ya ɓata rai, ya ce da wata murya a dishe:

"Nives, kin shaƙe ni."

Ni ya gaya wa. Tana zaune taku ɗaya daga gefensa, bai ko waiwaye ta ba.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na juya na dube ta. Ba ta yi kuka ba, Nives ba ta kuka a gaban mutane. Ta ɗora hannayen nan karkatattu a kan jaka tana kallonsu. Can ta ce, "Ashe hannun ya sani, ba fuskar ba." Ta miƙe ta ce in cire masa, lokacin bas ya yi. Muka dawo gari. Na yi nadamar zuwana, na yi nadamar buɗe bakina, har na ƙudura ba zan sake taka gidan ba.

Ran Lahadi bayan an fito coci na same ta a tashar bas tana jirana. Ban san yadda ta san zan biyo ta nan ba.

"Kin taɓa ɗaura wa mutum laktaye ta baya?" ta tambaye ni.

"Ban taɓa ba. Kuma ke kika ce ba a zuwa masa ta baya."

"Zuwa ba magana na hana. Ni zan yi maganar. Ai ya fi sauƙi ma, kamar kina ɗaura wa kanki ne. Taho, a bas za ki koya."

A wuyanta na koya, tana zaune a kujerar gaba ina ta baya, mutane suna kallonmu. Sau shida ta sa na kwance. Ta ce na farko ƙullin ɗan makaranta ne, na uku kuwa ko akuya ba a ɗaure wa haka. Na ji daɗin faɗan, don na daɗe ban ji shi ba.

A lambun ta jawo kujera ta zauna dab da shi, gwiwa da gwiwa. Ni na zagaya bayan keken na miƙo hannuwana ta kan kafaɗunsa. Ta ɗora nata hannun a kan ƙirjinsa, daidai inda ƙullin zai zauna, ta ce, "Duilio, yanzu za mu sa laktaye." Na naɗa, na zagayo, na cusa, yatsuna suna aiki ƙarƙashin nata. Da aka zo ja, sai na ji ta danna hannuna, muka tura ƙullin sama tare. Na janye nawa na ɓoye a baya.

Ya ɗago kai. Ita ce a gabansa. Ya daɗe yana kallonta, har na fara fid da rai.

"Nives," ya ce, "kin shaƙe ni."

Ta cusa yatsa biyu tsakanin wuyansa da ƙullin, da ƙyar suka shiga don kumburi. Ta ce, "Ƙarya kake yi, tsoho. Ga yatsa biyu nan." Na tafi can bakin famfo na daɗe ina wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

Ajin Alhamis ya mutu daga ranar. Ta ba Halyna akwatin, kuma na ji an ce tana zagaya kwat ɗin a wani ɗaki tana yi wa sababbin zuwa tsawa da kalmomin Nives. Halyna ta ce a koya wa sauran ƙullin don a riƙa karɓa-karɓa kullum, sai muka tuna dukkanmu ranakun hutunmu ɗaya ne. Ma'aikatan gidan kuwa mutum biyu ne a kan tsofaffi ashirin, ba wanda zai ce su tsaya wasan laktaye.

Saboda haka sau biyu ne a mako, Alhamis da Lahadi. Sauran kwana biyar tana zuwa ita kaɗai, ta zauna gaban mutumin da ke kallon taga, laktayen yana naɗe a jakarta. Kujerar da nake samu in huta a ƙarƙashin coci ta tafi, yanzu a tsaye nake cinye hutuna a bayan keke, bayana yana ciwo. Wani lokacin ma ba ya cewa komai, mu ɗaura mu kwance mu sake ɗaurawa, mu haƙura mu kama hanya. Makon jiya a bas ta yi barci a kafaɗata tun kafin mu fita daga layin. Da muka iso tasharta na tashe ta, ta gyara tabarau, ta dube ni ta ce ƙullin yau ya karkace hagu, in kula ran Alhamis.